Tantabarun Da Suka Koma Zurmi

Tun kafin rana ta ɗaga Maimunatu ta fito da kwanukanta tsakar gida, tana naɗe kowane faranti da tsohon zane don kada ya fashe a hanya. An yi ruwa da asuba, ƙasa sai ƙamshi take yi, geron da ke bayan katanga ya yi tsawo har yana leƙo gida. Mussarta, wato kyanwar da take kira 'Yar Gata, ta shige cikin kwalin kofuna ta yi kwance abinta, kamar an ce da ita za a fara lodi.

Mijinta Mamuda ya fito daga ɗaki da katifa a ka. Ya dubi tarin kayan, ya yi dariya.

"Madam, wannan kaya naki ai sai tirela."

"Malam, ka ji tsoron Allah. Rabinsu littattafanka ne."

"To mussar fa? Ita ma littafina ce?"

"Ita 'yar gida ce, a cinyata za ta zauna."

Shekararsu biyu da aure, duk a nan gidan gado na Zurmi suka yi su. Mamuda malamin lissafi ne a sakandare, shi ne kuma auta a wajen mahaifiyarsa, Inna Balaraba. A farkon damina aka yi masa canjin wurin aiki zuwa Kaura Namoda. Hanya ba ta da tabbas a 'yan shekarun nan, ba wanda zai so ɗansa ya riƙa jeka-ka-dawo kullum a kanta. Don haka ya kama hayar ɗaki biyu a Kaura, suka yanke shawarar tarewa cikin dogon hutu, kafin a koma makaranta.

Inna ba ta hana ba, ba ta kuma ce to ba. Tana zaune a ƙofar ɗakinta tana tsintar wake, tun safe ba ta ɗaga kai ba.

Da aka gama loda kaya a a-kori-kura, sai Maimunatu ta nufi bayan rumbu, inda ɗakin tantabaru yake. Na marigayi Malam Nuruddeen ne, mahaifin Mamuda. Lokacin da aka kawo ta amarya ya riga ya kwanta ciwo, ita ta ɗauki nauyin ba su gero da sauya musu ruwa. Shi ya koya mata jefa 'yar kanwa a kaskon ruwansu, ya ce ita ke sa su so gida. Ta taga yake kallonta yana murmushi, yana kiranta Uwar Tantabaru. Kafin ya rasu ya faɗa a gaban kowa cewa tsuntsayen nan nata ne.

Tun da asuba ta toshe musu ƙofa, saboda haka kama su bai yi wuya ba. Ta zuba su cikin babban kwando, ta rufe da zane. Wata farar tantabara mai suna Fara ce kawai da mijinta suka ba ta wahala, don a bayan ɗakin Inna suka kwana, sai da ta yaudare su da gero kafin ta kama su.

Ta zo gaban Inna ta durƙusa.

"Inna, za mu tafi. A yafe mini abin da na yi, wanda na sani da wanda ban sani ba."

Inna ta dubi kwandon da ke motsi a gefenta. Ta daɗe tana kallonsa.

"Har da su?"

"Baba ne ya ce—"

"Na san abin da ya ce, ina wurin." Ta mai da kanta kan wake. "Kun ɗauke min auta, kun ɗauke tsuntsun mijina. Mi ya rage gidan ga? Ku tahi. Amma kada wanda ya jira ƙafata a Kaura."

Mamuda ya durƙusa shi ma, ya yi ta ba da haƙuri. Inna ta ce Allah ya kiyaye hanya, ta ci gaba da tsintar wakenta. A cikin mota Maimunatu ta rungume mussarta tana share hawaye da gefen mayafi, kwandon tantabaru yana tsakanin ƙafafunta.

Sabon gidan yana kusa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Tsakar gida ɗaya suke da wata ma'aikaciyar jinya, Doosuur, 'yar ƙabilar Tibi, wadda ta shekara goma sha wani abu a Kaura har Hausa ta zauna a bakinta. Kowa Maman Tina yake ce mata. Ita ta fara tarbarsu da ruwan sanyi, ta ɗaura zane ta kama musu sauke kaya. Tana da wani tsohon kare mai suna Kaftin, wanda da ya ga 'Yar Gata ya taso da haushi. Mussar ta gantsare baya ta yi masa tsawa sau ɗaya, sai ga Kaftin ya koma ƙarƙashin benci.

"Kai, ka ba ni kunya," in ji Maman Tina. "Baƙuwa ta zo yau, ta karɓe gida yau."

Mamuda ya riga ya sa kafinta ya yi wa tantabarun akwatin katako a jikin bango. Suka zuba su ciki suka rufe. Da yamma aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya, ashe rufin akwatin yana yoyo. Washegari Maimunatu ta leƙa ta tarar da su a jiƙe, sun takure a kusurwa ɗaya. Tausayi ya kama ta. Ta watsa gero a ƙasa, ta ajiye kaskon ruwan kanwa, ta buɗe musu ƙofa don su sha rana.

Ba su ko kalli geron ba. Fara ce ta fara tashi, sauran suka bi ta. Suka kewaya saman unguwar, suka yi sama sosai, sannan suka miƙe gabas.

"Za su dawo," in ji Maman Tina, tana kare ido da hannu. "Yunwa za ta dawo da su."

Har magariba Maimunatu na zaune a tsakar gida tana duban sama. Kajin maƙwabta ne suka cinye geron.

Da rana ta sake fitowa wayar Mamuda ta yi ƙara. Yaya Asiya ce, babbar yayarsa da ke aure a nan Zurmi. Ya sa ta a sifika saboda hannunsa duk fenti ne.

"Auta, ina fata kun ji labari? Tantabarun Baba sun dawo gida, ko ɗaya ba ta ɓace ba."

"Alhamdu lillahi, Yaya. Dama hankalinmu—"

"Alhamdu lillahi mi? Kai ba ka san abin da ake faɗi ba? Tantabara ba ta zama gidan da babu albarka. Tsuntsu ma ya gane, kai da ka yi boko ba ka gane ba. Duk dangi maganar da ake yi ke nan. Gidan da an ka shiga uwa na kuka, ina alheri zai fito?"

Mamuda ya yi sauri ya kashe sifikar, amma Maimunatu ta riga ta ji. Ta ci gaba da goge tagar da take gogewa, ta daɗe a kan gilashi ɗaya.

Damina ta ci gaba, aiki bai bar ta ta zauna ta yi tunani ba. Ƙanwarta ta haihu a Badarawa, can wajen Shinkafi, haihuwar fari, mahaifiyarsu kuma ƙafa ta matsa mata. Maimunatu ce mai dafa ruwan wanka, ita ce mai dama kunun kanwa, ita ce mai karɓar 'yan barka. Ana gama suna ta hau motar safe ta dawo Kaura, ta tarar ruwa ya shiga kicin ya jiƙa buhun gero, 'Yar Gata kuma ta ƙaura ɗakin Maman Tina, tana kwana a jikin Kaftin. Ta shanya gero, ta ɗinke labule, ta shuka rama da alayyafo a bayan ɗaki. Baƙi daga danginta suna zuwa ganin gida, su ci su sha su sa albarka. Daga dangin miji kuwa ko yaro bai leƙo ba.

Akwatin tantabarun yana nan a bango, ƙofarsa a buɗe. Kowace safiya takan sauya ruwan kaskon, ko da yake ta san ba mai sha.

Duk Asabar Mamuda yakan tafi Zurmi gaida Inna, ya dawo Lahadi. Kowace dawowa sai ta ga maganarsa ta ragu. Mutumin da ba ya iya cin tuwo bai tsokane ta ba, ya koma ci shiru, ya wanke hannu ya ɗauki littafi. Wata Lahadi da la'asar ya dawo, ta kawo masa dafaffiyar masara da gyaɗa, ya ajiye kwanon a gefe.

"Maimuna, zauna mu yi magana."

Ta zauna a bakin tabarma.

"Inna ta rame. Ba ta ce min komai ba, amma Yaya Asiya da su Kawu sun tara ni. Sun ce mafita ɗaya ce. Ki koma Zurmi ki zauna da ita, ni in riƙa zuwa wikend."

"Gidan nan fa?"

"In saki ɗaki ɗaya, in zauna a ɗaya."

"Wato in zama baƙuwarka ta Asabar."

"Ba haka nake nufi ba."

"To yaya kake nufi, Malam? Ni na ce a yi maka taransifa? Ko ni na ce wa tsuntsaye su tashi?" Ta juyo ta fuskance shi. "Kai ma ka yarda ba ni da albarka?"

"Wallahi ban yarda ba." Ya kama hannunta. "Ni lissafi nake koyarwa, na san tsuntsu ba ya karanta zuciyar mutum. Amma uwata ce, Maimuna. In na rufe ido fuskarta nake gani a ƙofar ɗakin nan. Ban san yadda zan yi ba. Filis, ki taimake ni."

Ta dube shi. Idanunsa sun yi ja, irin jan da ta gani ranar da aka fita da gawar Baba. Fushin da ya taso mata ya kwanta, sai hawaye.

"Ka ba ni izini in je in gan ta da kaina. Ni kaɗai. In na dawo, abin da ka ce shi za a yi."

Da safe tana wanke-wanke, Maman Tina ta fito da kayan aikinta a jiki, ta tsaya a kanta.

"Amarya, idonki ya kumbura. Maigida ne?"

Maimunatu ta ba ta labari a taƙaice. Maman Tina ta zauna a kan turmi, ta manta da sauri take yi.

"Ranar da zan baro garinmu, mamana ta ɓoye min takalma. Babbar mace da jikoki, ta ɓoye takalma a cikin tukunyar doya. Na yi fushi sosai a lokacin. Sai da Tina ta tafi makarantar kwana na gane. Na dawo gida na ji shiru, har Kaftin na riƙa yi wa hira." Ta miƙe ta gyara jaka. "Ki je da kunnenki, ki bar bakinki a nan, ni zan ajiye miki."

Motar farko Maimunatu ta bi. Ta isa Zurmi hantsi bai gama ɗagawa ba, ta sayi goro da 'yar kanwa a bakin kasuwa. Ƙofar gidan a buɗe take. Ta yi sallama a zaure ba a amsa ba, sai ta ji murya daga ciki, a hankali, kamar ana lallashin yaro.

"Ke Fara, bar haɗama, ki bar ma Mai Wuya. Kai kuma Baƙo, kullum kai ne na ƙarshe, halin maigidanku gare ka."

Maimunatu ta tsaya a bakin zaure. Inna ce tsugune a tsakar gida da ƙwarya a hannu, tana watsa gero, tantabaru sun kewaye ta har wata ta hau mata gwiwa. Ga kasko an wanke shi tas, ruwan ciki ya yi fari-fari da kanwa. Matar da a shekara biyu ba ta taɓa kallon tsuntsayen nan ba sai don ta yi faɗan kashinsu, ashe ta san sunan kowace ɗaya, sunayen da Baba ya raɗa musu.

Sai Fara ta tashi da gero a maƙoshi, ta nufi bayan ɗakin Inna. Maimunatu ta bi ta da ido. A ƙarƙashin indararo akwai wata tsohuwar tukunya mai tsaga, an tokare ta da dutse, an kuma rufa mata guntun kwano saboda ruwa. Kawuna biyu suka leƙo daga ciki suna ƙara, Fara ta sa baki tana ɗura musu. 'Yan shila ne, gashi ya fara rufe su.

Nan take komai ya warware mata. Ranar tashi a bayan ɗakin nan ta kama Fara da mijinta. Ashe ƙwai suka bari. Ta ɗauke uwa ta bar ƙwai, ina kuwa uwa za ta zauna? Wanda ya tokare tukunyar da dutse kuma ya san haka tun ranar farko.

Ta sake yin sallama da ƙarfi. Inna ta miƙe da sauri, ta tura ƙwaryar bayan turmi.

"Ke ce? Ina shi?"

"Yana gaishe ki, Inna. Ni kaɗai na zo."

Ta durƙusa ta gaishe ta, ta ajiye goro. Ba su gama gaisawa ba sai ga Yaya Asiya, wadda aka gaya wa an ga matar Auta ta sauka a tasha. Ko mayafi ba ta cire ba ta fara.

"An zo kwasar su ke nan a karo na biyu? Ki kwasa sau goma, sau goma za su dawo. Dabba ba ta munafunci. Inna, gaya mata abin da ya sa sun ka gudo."

Maimunatu ta ɗaga ido ta dubi tukunyar, sannan ta dubi Inna. Inna ma ita take kallo, hannunta yana murza bakin zane. Kalma ɗaya ta isa. Da ta nuna tukunyar nan, da maganar rashin albarka ta mutu a wurin, da Yaya Asiya ta san mahaifiyarsu ta san gaskiya ta yi shiru. Maganar ta zo mata har leɓe. Sai ta tuna muryar da ta ji daga zaure, ta tsohuwa mai hira da tsuntsaye don babu wanda za ta yi wa.

Ta sunkuyar da kai.

"Ban zo ɗaukarsu ba, Yaya. Na zo ba Inna haƙuri ne. Baba ya ba ni su, gaskiya ne, amma a gidan nan ya ba ni. Ranar da za mu tashi ina ta lissafin abin da zan ɗauka, ban tsaya na duba abin da zan bar mata ba. Na ɗauke mata ɗa, na ɗauke mata motsin gida, ban ko tambaye ta ba. Laifina ne." Ta juya wajen Inna. "Su zauna a nan, nan ne gidansu. Ga kanwa na kawo musu. In kuma kin ce in dawo in zauna da ke, zan dawo, ba tare da ɓacin rai ba."

Yaya Asiya ta ce ita dai ta faɗi gaskiya, ta fita.

Maimunatu ta tashi ta share tsakar gida, ta wanke tulu ta cika shi, ta dama wa Inna fura. Inna ta sha kaɗan, tana kallonta ta gefen ido. Ba wadda ta ambaci tukunya. Da azahar ta yi, Inna ta dubi gabas.

"Tashi ki tahi. Hadari na haɗuwa, kuma ban son yamma ta yi miki bisa hanyar ga."

"Maganar dawowata fa, Inna?"

"Na ji ki."

Abin da ta samu ke nan. Ta koma Kaura ta gaya wa Mamuda yadda suka yi, amma ba ta faɗa masa zancen tukunya ba. Ya tambaye ta ko Inna ta sauko. Ta ce ba ta sani ba.

Hutu ya zo ƙarshe, gero ya fara fitar da kai, ba saƙo daga Zurmi. Maimunatu ta ɗauki shirun a matsayin amsa. Ranar Juma'ar ƙarshe ta jawo akwatinta ta fara ninke kaya. Mamuda yana tsaye a bakin ƙofa, duk zanen da ta saka sai ya ji kamar daga jikinsa aka yanke shi.

"Bar labulen," in ji ta. "Kada ka zauna ɗaki tsirara kamar gwauro. Ramar nan kuma ka riƙa tsinka, in ta tsufa ɗaci take yi."

"Maimuna, ni fa na fasa. Zan je in gaya musu—"

"Ba za ka gaya musu komai ba. Ka fi son in zauna a nan kana kallona kana tuna uwarka na kuka? Wannan zaman ba zai yi mana daɗi ba. Ka bari mu bi ta a hankali."

Ya zauna a bakin gado ya ɗauki 'Yar Gata, wadda ta riga ta shige akwatin.

"Ke ma tafiya za ki yi ki bar ni da Kaftin?"

Suna cikin haka Kaftin ya fara haushi a waje. Suka ji Maman Tina tana cewa, "Sannu da zuwa, Mama. Shigo, ba ya cizo, tsoron mussa ma yake yi." Sai wata murya da suka sani ta ce, "Riƙe shi dai, 'yar nan. Ni ban yarda da mai haƙori ba."

Mamuda ya fita ba takalmi. Inna ce tsaye a tsakar gida, mayafinta ya jiƙe da yayyafi, ta ɗauko ƙaramin kwando a hannu, ɗan acaɓa yana sauke wata tsohuwar tukunya mai tsaga a bayanta.

"Inna! Ke da wa kika zo? Me ya sa ba ki kira ni ba?"

"Da ƙafata na zo, wadda na ce ba ta zuwa. Karɓi tukunyar ga, in ka fasa ta sai na saɓa maka."

Maimunatu ta shimfiɗa tabarma a baranda, ta kawo ruwa, ta durƙusa. Inna ta sha, ta dubi labule, ta dubi ramar bayan ɗaki, ta dubi akwatin katakon da ke bango da kaskon ruwa a ƙarƙashinsa. Ta ga akwatin kaya a buɗe ta ƙofar ɗaki. Sannan ta buɗe kwandon. 'Yan shila biyu ne, gashinsu ya cika, ɗaya fari kamar uwarsa.

"Auta, ubanka ya yi kiwon tantabara tun ba a haife ka ba, amma ba ka koyi komi ba sai lissahi. Tsohuwar tantabara ba ta zama sabon gida, ko da zinari ka gina mata shi. Balle wadda ta bar ƙwai. Wanda ka son tantabara ta zauna mishi, 'yan shila yaka ɗauka, waɗanda ba su taɓa tashi ba. Inda sun ka fara tashi, nan ne gidansu har su mutu."

Mamuda ya dube ta, baki buɗe. "Ƙwai? Inna, dama kin san—"

"Na sani tun ranar. Na ji Asiya na faɗin abin da taka faɗi, na yi shiru, don ina son a dawo min da kai." Ta nuna Maimunatu da haɓa. "Ita ma ta sani. Ta ga tukunyar ga da idonta, Asiya na zaginta, ta dube ni ta rufa min asiri. Ko kai ba ta gaya ma ba, ga shi na gani a fuskarka."

Mamuda ya juya ya dubi matarsa. Ita kuwa ƙasa take kallo.

"Shekaranjiya ina zaune," Inna ta ci gaba, "sai na ga Fara na saran 'ya'yan ga, tana tura su bakin tukunya. Ita da ta baro Kaura a jiƙe saboda su, ita ce yau ka korarsu su nemi nasu wuri. Na ce ikon Allah, tsuntsu ya san lokacin riƙo, ya san lokacin saki, ni Balaraba da furfura ban sani ba. Sai na kama su tun ba su tashi ba." Ta tura kwandon gaban Maimunatu. "Ungo, Uwar Tantabaru. Tsofaffin nawa ne, su ka taya ni hira. Waɗannan naki ne. Ki mai da kayanki inda kin ka ɗauko su."

Maimunatu ta matso kusa. Ta kifa kanta a gwiwar Inna tana kuka, Inna tana shafa mata baya.

"Ya isa, ɗiyata. Allah ya yi miki albarka. Allah ya sa gidan ga ya cika da ku da 'ya'yanku, ya ba ki surukar da za ta rufa miki asiri ranar da kin ka tsufa kin ka yi wauta."

"Amin, Mama," in ji Maman Tina daga ƙofarta, tana goge ido da bayan hannu.

Mamuda ya hau benci ya ɗaure tukunyar a ƙarƙashin rufi, Inna tana ba shi umarni daga ƙasa, a ɗaga nan, a karkata can. Da ta hango 'Yar Gata ta zuba wa kwandon ido, sai ta ce a ƙara ɗaga ta sama, don ba ta yarda da wannan malamar ba. Ta kwana biyu a Kaura. Ta ce miyar ramar ta yi gishiri, ta kuma ƙara. Kafin ta tafi aka yi magana a kan cewa duk ƙarshen wata su biyun za su je Zurmi tare, in an yi girbi kuma ita za ta zo ta daɗe.

Ana cikin makon farko na komawa makaranta, da safe Mamuda yana ɗaura agogo, Maimunatu ta kira shi a hankali. 'Yan shilar sun fito bakin tukunya. Farin ya buɗe fukafukai ya tashi, ɗayan ya bi shi. Suka kewaya saman gidan, suka yi sama har suka ƙanƙance. Maimunatu ta riƙe hannun mijinta ba ta sani ba. Can sai ga su suna saukowa, suka dira a bakin kasko, suka tsoma baki cikin ruwan kanwa.

Haka Maimunatu ta samu gidanta, ta kuma samu uwa. Da ta nuna tukunyar nan a gaban Yaya Asiya, da ta yi nasara a magana, amma da wuya Inna ta taɓa taka Kaura. Sau da yawa faɗan da tsofaffinmu ke yi mana kaɗaici ne da tsoron a manta da su, ba ƙiyayya ba. Wadda ta gane haka, ta yi haƙuri, ta rufa wa babba asiri a ranar da take da ikon tona shi, Allah ba ya barin ta ta taɓe.